Daga filin firamare zuwa Turai: Hanyar da ɗan wasan baya ke bi, da inda ƙafa ke zamewa

A daren Juma'a 8 ga Nuwamba, 2013, a birnin Abu Dhabi na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wani matashi haifaffen Kano mai suna Musa Muhammed ya buga bugun tazara a minti na 81, ƙwallo ta faɗa ragar Meziko. Ita ce ta uku da Najeriya ta ci a wasan ƙarshe na Gasar Kofin Duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, aka tashi uku da nema. Musa shi ne kyaftin ɗin tawagar da Manu Garba ya jagoranta, don haka shi ya ɗaga kofin, wanda ya zama na huɗu da ƙasar ta ɗauka bayan na 1985 da 1993 da 2007. Lamba biyu yake bugawa, wato ɗan baya ta ɓangaren dama.

Wanda ya kalli wasan a gidajen kallon ƙwallo na Fagge ko Bichi ko Tsanyawa zai iya rantsewa cewa yaron nan ya gama haye wa. Shekarun da suka biyo baya sun nuna cewa lamarin ba haka yake ba. Labarinsa, idan aka ɗora shi kusa da na Zaidu Sanusi da Shehu Abdullahi, yana bayyana abin da iyaye da masu ɗaukar nauyin kulob-kulob na unguwa ba su cika lura da shi ba: kofin ƙuruciya ba ya saya wa ɗan baya gurbi a ko'ina. Abin da ke gina shi shi ne yawan wasannin gaske da ya buga tsakanin shekara 18 da 22, da kuma takardun da aka cike masa tun yana ɗan shekara 12.

Inda hanyar take farawa

Tsanyawa ƙaramar hukuma ce a arewacin Jihar Kano, a kan hanyar Katsina bayan an wuce Bichi. Ƙasa ce ta manoma, gari na bin gari, gona na manne da gona. Daga 'Yankamaye zuwa Daddarawa da wuya a ga fegin da aka bari babu gero ko dawa ko gyaɗa ko wake. A irin wannan wuri filin ƙwallo ba abu ne mai araha ba. Galibi filin makarantar firamare ko na sakandare ne ke ɗaukar kowa, yara da manya. Da damina kuwa, yaron da ya kai ƙarfin tare ɗan gaba ya kai ƙarfin riƙe fartanya, saboda haka atisaye sai abin da ya rage na yamma. Gasa mai armashi sai bayan an kai amfanin gona gida.

Wannan yanayi yana samar da yara masu ƙarfi da juriya da rashin tsoron karo. Abin da ba ya samarwa shi ne idon da zai gan su. Masu farautar 'yan wasa ba sa bin ƙauyuka, suna zama ne inda aka tara musu yara a wuri guda. A Kano, ɗaya daga cikin tsofaffin irin waɗannan wurare ita ce Gasar Kofin Ramat da ƙungiyar wasannin matasa ta YSFON ke shiryawa don tunawa da Janar Murtala Ramat Muhammed, wanda aka kashe ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Sai kuma gasannin da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ke kula da su, da makarantun horar da matasa masu zaman kansu. Kusan dukkansu a birni suke. Ke nan matakin farko ga ɗan Tsanyawa ba na ƙwallo ba ne, na masauki ne: wa zai riƙe shi a Kano, wa zai ciyar da shi, kuma wa zai tabbatar bai bar makaranta ba?

Daga nan tsani uku ne a tsarin gasannin ƙasa. A ƙasa akwai NLO, inda ƙananan kulob-kulob da makarantun horarwa ke fafatawa. A tsakiya akwai NNL. A sama kuma akwai Firimiyar Najeriya, NPFL, mai kulob 20, inda Kano Pillars ta ɗauki kofi a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Yaro zai iya hawa tsanin nan ɗaya bayan ɗaya, ko kuma ya tsallake shi gaba ɗaya ta hanyar tawagar matasa ta ƙasa. Musa Muhammed ta biyun ya bi, daga makarantar horarwa ta FC Heart kai-tsaye zuwa Golden Eaglets.

Me ya sa ɗan baya ya bambanta?

Ɗan gaba yana tallata kansa da ƙwallayen da ya ci. Bidiyon minti uku ya isa dillali ya nuna wa kulob a Beljiyam ko Siwidin abin da yaro zai iya. Ɗan baya kuwa mafi kyawun aikinsa shi ne abin da bai faru ba: ɗan gaban da bai samu ƙwallo ba saboda an toshe masa hanya, ko satar gidan da aka jefa shi ciki da taku ɗaya. Irin wannan ba ya fitowa a gajeren bidiyo. Sai an zauna an kalli wasa cikakke, sau da yawa, kafin a gane ko yaro ya san inda zai tsaya.

Na biyu, kuskurensa ya fi tsada. Koci zai iya sako matashin ɗan gaba saura minti 15 a tashi, in ya ɓarar da ƙwallo a ce yana koyo. Ba a yi wa masu tsaron baya haka. Layin baya ana son ya saba da juna, kuma kuskure ɗaya ya isa ya jawo wa koci sallama. Shi ya sa kociyoyi ke fifita wanda ya ga jiya ya ga yau. Virgil van Dijk, wanda Liverpool ta saya a kan Fam miliyan 75 a Janairun 2018, yana da shekara 26 a lokacin, bayan ya bi ta Groningen da Celtic da Southampton. Ko a wajen karramawa ma haka abin yake, domin rabon da ɗan baya ya lashe kyautar Ballon d'Or tun Fabio Cannavaro a 2006.

Abin da wannan ke nufi shi ne ɗan baya yana nuna a makare, kamar dawa a kan gero. Kuma ba ya nuna a benci.

Kyaftin ɗin da ya zauna a benci

Bayan Abu Dhabi tauraruwar Musa ta ci gaba da haskawa. A watan Maris na 2015 ya jagoranci Flying Eagles zuwa Senegal, inda suka ɗauki kofin Afirka na 'yan ƙasa da shekara 20 bayan doke masu masaukin baƙi da ci ɗaya mai ban haushi. Wani abin mamaki, shi ne ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, da guda huɗu, alhali yana ɗan baya, saboda shi aka damƙa wa bugun fenariti. A tsakiyar shekarar kuma ya je Gasar Kofin Duniya ta 'yan ƙasa da 20 a Niyu Zilan, inda Jamus ta fitar da Najeriya a zagayen 'yan 16.

A wannan shekarar ce ya sa hannu da Istanbul Basaksehir ta Turkiyya. A takarda, ciniki ne mai kyau: babbar gasa, albashi da kuɗin waje, gari mai masallatai da abincin halal. To amma Basaksehir a ƙarƙashin Abdullah Avci ba makarantar renon yara ba ce a lokacin. Kulob ne da ke kokawa da Galatasaray da Fenerbahce da Besiktas a saman teburi, ya gama a mataki na huɗu a 2016, sannan na biyu a 2017. Kocin da ke neman gurbin gasar Turai ba zai miƙa ɓangaren dama na bayansa ga ɗan shekara 19 da bai taɓa buga cikakkiyar kaka ta manya ba, komai yawan kofunan da ya ɗaga. Musa bai samu wasannin kirki ba.

Daga nan sai yawon neman wurin bugawa. An ba da shi aro ga Zeljeznicar ta Bosniya, ya je Lokomotiv Plovdiv ta Bulgeriya, kafin ya samu natsuwa a HNK Gorica ta Kuroshiya, inda ya riƙa buga wasa a kai a kai. Daga baya ya koma Bosniya ya buga wa FK Sarajevo. An gayyace shi Super Eagles ya buga 'yan wasanni, amma gurbin lamba biyu bai zama nasa ba.

Ba daidai ba ne a kira wannan faɗuwa. Mutumin da ya shafe shekaru yana cin abinci da ƙwallo a manyan rukunonin ƙasashen Turai ya wuce dubban takwarorinsa da ba su taɓa ganin kwantiragi ba. Sai dai idan aka auna da abin da aka yi hasashe a 2013, akwai giɓi, kuma ana iya nuna inda giɓin yake: shekarun farko na zamansa a Turai, waɗanda su ne lokacin da ɗan baya ke koyon sana'arsa, sun tafi ba tare da wasa ba. Ko abokin wasansa Taiwo Awoniyi, wanda ɗan gaba ne, ya ɗanɗani irin wannan. Liverpool ta ɗauke shi a 2015, bai taɓa buga mata wasan gasa ko ɗaya ba saboda matsalar takardar izinin aiki a Ingila, ya yi ta yawon aro har sai da ya tsaya da ƙafarsa a Union Berlin, sannan Nottingham Forest ta saye shi a 2022.

Wanda ya shiga ta ƙaramar ƙofa

Zaidu Sanusi, haifaffen Jega a Jihar Kebbi a 1997, bai ɗaga kofin duniya na matasa ba, kuma lokacin da ya tafi Fotugal a 2016 kusan babu jaridar da ta kula. Ya sauka a Gil Vicente, daga nan ya wuce Mirandela, ƙaramin kulob a rukuni na uku, a wani gari na can cikin tsaunukan arewa maso gabashin ƙasar. Babu kyamarori, babu albashin a zo a gani. Amma akwai wasa kowane mako, da mutanen da suka girme shi, a gasar da ake faɗuwa ko a hau. A nan ya koyi lokacin da lamba uku zai ruga gaba da lokacin da zai tsaya.

A 2019 Santa Clara, kulob na rukunin farko da ke tsibiran Azores, ta ɗauke shi. Kaka ɗaya kawai ya yi, FC Porto ta saye shi a 2020. A watan Maris na 2021 yana cikin tawagar da ta fitar da Juventus ta Cristiano Ronaldo daga Gasar Zakarun Turai. Ranar 7 ga Mayu, 2022 kuma, a gidan Benfica da ke Lisbon, shi ya ci ƙwallon da ta tabbatar wa Porto kofin gasar ƙasar karo na 30, ana cikin mintunan ƙarin lokaci. Ya buga wa Najeriya wasan ƙarshe na Kofin Afirka da Kwaddebuwa ta yi nasara da ci 2-1 a Fabrairun 2024. Jim kaɗan da komawarsa Porto jijiyar gwiwarsa ta tsinke, ya shafe watanni yana jinya. Wannan ma wani ɓangare ne na sana'ar da ba a faɗa wa yara.

Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato kuwa ta gida ya bi. Ya buga wa Plateau United, sannan Kano Pillars a shekarun da take ɗaukar kofi a jere, kafin ya fita zuwa Qadsia ta Kuwait a 2014. Daga can ya bi ta Fotugal da Saifurus da Turkiyya. Ya samu lambar tagulla a gasar Olamfik ta Rio a 2016, kuma da shi aka fara wasan Najeriya da Kuroshiya a Kofin Duniya na 2018 a Rasha. Sa'ad da ya bar gida ya riga ya saba da zuwa Aba da Fatakwal a mota, ya buga a gaban 'yan kallon da ba sa ƙaunarsa. Hanyar ba ta rasa haɗari ba: a Maris na 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar Pillars wuta a hanyarta ta zuwa Owerri, suka raunata wasu 'yan wasa. Ga kuma jinkirin albashi da ya zama ruwan dare a gasar. Duk da haka, wasa 38 a kaka makaranta ce da babu irinta ga ɗan baya, kuma raina ta da matasa ke yi saboda kwaɗayin fita waje kuskure ne babba.

Takardu kafin takalmi

Akwai ɓangaren da ya fi shafar 'yan kasuwa da ma'aikatan da ke ɗaukar nauyin kulob-kulob a garuruwansu, ko waɗanda ake zuwa wurinsu neman gudunmawar kuɗin jirgi. Sashe na 19 na dokokin FIFA kan musayar 'yan wasa ya haramta kai yaro wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, in ban da 'yan keɓantattun dalilai, kamar iyayensa su ƙaura saboda abin da bai shafi ƙwallo ba. Duk dillalin da ya zo wa uba da maganar kai ɗan shekara 16 gwaji Turai, kuma ya ce a sayar da gona ko shanun huɗa a biya kuɗin biza, ya riga ya tona kansa. Kulob na gaske shi ke aiko da takardar gayyata, kuma a al'ada shi ke ɗaukar ɗawainiya. Tun 2023 FIFA ta dawo da tsarin lasisi da jarrabawa ga dillalai, saboda haka tambayar farko ita ce: ina lasisinka? Haka kuma tun 1 ga Mayu, 2015 an haramta wa wani mutum ko kamfani na daban mallakar kaso a cikin kuɗin sayar da ɗan wasa nan gaba. Takardar da wani zai sa uba ya dangwala wa hannu, wai shi ke da rabin yaron, ba ta da gurbi a dokar ƙwallo.

Sai maganar shekaru. Tun daga gasar 2009 da aka yi a Najeriya, wadda Kano na cikin biranen da suka karɓi baƙuncinta, ake amfani da na'urar MRI wajen duba ƙashin wuyan hannu don tantance 'yan ƙasa da 17. A 2016 'yan wasa 26 na sansanin Golden Eaglets sun faɗi gwajin ana dab da karawa da Jamhuriyar Nijar, kuma Nijar ta fitar da Najeriya, mai riƙe da kofin duniya a lokacin. A karkara, inda haihuwa da yawa a gida ake yin ta kuma ba a cika zuwa karɓar takardar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ba, yaro na iya shiga matsala ko bai yi niyyar ƙarya ba. Wanda kuma aka rage masa shekaru da gangan, cutar ta fi yawa idan ɗan baya ne. Zai yi fice a cikin yara da ƙarfin jiki kawai, ba zai koyi karatun wasa ba, ranar da ya haɗu da sa'o'insa na gaskiya sai asiri ya tonu.

Rajista kuma kuɗi ce, ba ado ba. Dokar FIFA ta ware kashi biyar cikin ɗari na kuɗin da aka sayi ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, a raba wa kulob-kulob ɗin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da rubu'in kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin cinikin, daga 16 zuwa 23 kuma rabin kashi ɗaya. A ɗauka, alal misali, wani kulob a Tsanyawa ya riƙe yaro daga shekara 12 har ƙarshen 17, daga baya aka sayar da shi daga Fotugal zuwa Faransa a kan Yuro miliyan ɗaya. Rabon kulob ɗin Yuro 20,000 ne, kuma duk lokacin da aka sake irin wannan ciniki sai an sake biya. Ban da wannan akwai diyyar horarwa da ake biya idan yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko. Tun Nuwamban 2022 wani ofishin FIFA da ke birnin Faris ne ke karɓar waɗannan kuɗaɗe yana rabawa, kuma yana aiki ne da abin da ya gani a kwamfuta kawai. Kulob ɗin da bai yi rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ba, ko bai shigar da sunan yaron a kan lokaci ba, ba ya cikin lissafi, ko da kowa a gari ya shaida cewa kocinsa ne ya saya wa yaron takalminsa na farko.

A nan ne ƙananan hukumomi irin su Tsanyawa suka fi yin asara. Yaro zai tashi a hannun kocin unguwa shekara huɗu ko biyar, ya koma birni, wata makarantar horarwa ta yi masa rajista a matsayin nata tun daga tushe, tarihinsa na ƙauye ya shafe. Kuɗin rajistar kulob da na 'yan wasa bai kai abin da ake kashewa wajen sayen kofi da raguna a gasar da 'yan siyasa ke ɗaukar nauyi ba, amma shi ne ba a yi.

Wani sauyi da aka samu a baya-bayan nan shi ne yankin Kano ta Arewa, wanda Tsanyawa ke ciki, ya samu kulob a babban rukuni. Barau FC, wadda Sanata Barau Jibrin ya kafa, ta haye zuwa Firimiyar Najeriya a 2025, abin da ya ba Jihar Kano kulob biyu a gasar. A shekarar ce kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa Ahmed Musa, wanda shi ma ya dawo gida daga Turai, a matsayin babban manajan Kano Pillars. Kowane kulob yana buƙatar 'yan baya takwas ko fiye a kaka, kuma a tsarin musayar 'yan wasa na yanzu ba a yi wa ɗaya daga cikinsu rajista sai da takardar shaidar shekaru da sunan kulob ɗin da ya fito.